Giyar hannun da na zaɓa wa inji mai doki 550, da lissafin da ya kai ni gare ta

Duk wanda ya ƙara wa injin motarsa ƙarfi, ko ba daɗe ko ba jima sai maganar giya ta taso masa. Tawa motar tsohuwar salun ce mai ƙofa huɗu, mai ja da tayoyin baya, tana ɗauke da inji 2JZ-GTE na Toyota, silinda shida a jere, lita 3. An cire ƙananan turbo biyun da ya zo da su an sa babba guda ɗaya, an canza injekta da famfon mai, an sake saita ƙwaƙwalwar motar. Yanzu yana ba da doki 550 da 'yan kai, ƙarfin murɗawarsa kuma yana kaiwa wajen Newton-mita 750 tun allura ba ta wuce juyi 4,500 a minti ba. Giyar da ke ciki otomatik ce mai hawa huɗu, wadda ba don irin wannan aiki aka ƙera ta ba. Ni kuwa dama can raina na kan giyar hannu.

Bari in faɗi wata gaskiya tun da wuri don kada mu yi ta jayayya a banza: idan gudu zalla kake nema, giyar hannu ba ita ce hanya ba. Otomatik ta zamani, irin ZF 8HP mai hawa takwas da ake ta dasawa a motoci yanzu, tana canza giya kafin ka ƙifta ido, ba ta barin turbo ya huce tsakanin wannan giya da waccan, kuma ba ta kuskure. Ƙafata da hannuna ba za su taɓa kamo ta ba. Na san da haka, na kuma ce na ji na gani. Ba kofi nake nema da motar nan ba. So nake in taka kuloci, in ji sandar ta faɗa gurbinta, in shiga kwana da giyar da ni na ga dama. Wanda wannan bai dame shi ba ya je ya nemi 8HP, ba zai yi da-na-sani ba.

Mu da muka rage, tambayar da muka fi yi ita ce, "Wace giya ce za ta ɗauki doki 500?" Ita kuwa giya ba ruwanta da doki. Abin da haƙoranta ke ji a jikinsu shi ne murɗawa. Doki lissafi ne na murɗawa da saurin juyin inji a haɗe. Injin da ke ba da doki 500 a juyi 8,500, murɗawarsa a wannan lokacin ba ta wuce Nm 420 ba. Wanda ke ba da doki 500 ɗin a juyi 4,500 kuwa yana murɗa shaf da kusan Nm 790. A takarda ƙarfinsu ɗaya ne, amma akwatin giyar da zai yi shekaru a bayan na farkon zai iya zubar da haƙora a bayan na biyun cikin wata guda. Inji mai babban turbo yana cikin rukuni na biyu, har ma da ƙari, domin ƙarfinsa ba a hankali yake zuwa ba. Shiru-shiru kake tafiya, turbo na cika sai ya sauke maka komai lokaci ɗaya.

Ko murɗawar ma ba ita kaɗai ke kashe giya ba. Igiyar da za ta ɗaga kaya mai nauyi idan an ja ta a hankali, ita ce za ta tsinke da rabin nauyin idan an fizge ta. Fizgar nan a mota ita ce sakin kuloci gaba ɗaya a juyi 5,000, ko tayar baya ta riƙa tsalle tana kama ƙasa tana saki, ko buga giya ta uku ba tare da ɗaga ƙafa daga totur ba. Nauyin motar da irin tayar da ke ƙafarta su ma suna cikin lissafi. Idan tayar titi ce ta yau da kullum, ƙarfi na yin yawa sai ta zame ta yi hayaƙi, giya ta tsira. Ranar da ka sa faffaɗar taya mai laushi wadda ke manne wa kwalta, ƙarfin ba shi da wurin gudu kuma, sai ya nemi abin da ya fi rauni a tsakanin inji da ƙasa ya huce a kansa. Shi ya sa za ka ji mutum biyu suna musu a kan akwatin giya iri ɗaya, wannan ya ce tasa ta ɗauki doki 800, wancan ya ce tasa ta fashe a 450, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Wanda ya taɓa ganin cikin akwatin giya a buɗe zai fi gane abin. Shaf biyu ne kwance gefe da gefe, na sama da na ƙasa. Ƙarfi yana shigowa ta gaba, ya sauka kan na ƙasa, ya sake hawowa na sama ta haƙoran giyar da ka zaɓa. Haƙoran a karkace aka yanka su don kada su yi ƙara, amma karkatar tana sa su turo juna gaba da baya, ga kuma turin da ke neman raba shaf biyun. Idan murɗawa ta yi yawa, shaf ya ɗan lanƙwasa, jikin akwatin ya ɗan buɗe, haƙoran da ya kamata su haɗu ciki da ciki sai su koma haɗuwa baki da baki, daga nan sai karaya. Giya ta uku ce ta fi shan wannan wahala a akwatuna da yawa, saboda tana can tsakiya nesa da boris ɗin da ke tallafe da shaf, kuma a cikinta ne taya ta riga ta kama ƙasa, turbo kuma ya cika. Giyar da lambarta 1.00 ce, wato wadda juyin da ya shiga akwatin shi ne yake fita daidai, ta fi kowace ƙarfi, don ita ƙarfin wucewa yake yi kai tsaye ba ya bi ta ƙasa. Tazarar da ke tsakanin shaf biyun ma tana nuna ƙarfin akwati tun ba a gwada shi ba: tsohuwar giyar T5 milimita 77 ce, giyar T56 kuma 85. Milimita takwas kamar ba komai ba, amma ita ce ke ba da wurin haƙora manya.

Da wannan a kaina na fara duba 'yan takara. Na gida su ne farko. R154 ta Toyota, mai hawa biyar, wadda ta fito a Supra turbo ta ƙarshen shekarun 1980, tana hawa bayan injin JZ ba tare da wata dabara ba idan ka sami gidan kulocin da ya dace. An san inda take da rauni, ana kuma sayar da kayan ƙarfafa ta, sai dai a Nm 750 da mota mai nauyi, kullum da fargaba zan riƙa taka totur. V160 ta Getrag, mai hawa shida, wadda ta zo a Supra daga 1993, ita ce mafarkin kowane mai 2JZ, kuma ƙarfinta ba a musu a kansa. Amma an daina ƙera ta, wadda za ka samu ta tsufa, kayan gyaranta kuma sai an sha nema. Ban ga hikimar gina motar da nake son wahalarwa a kan abin da idan ya lalace sai na yi watanni ina cigiyar zobe ɗaya ba.

Sai ZF GS6-53 ta BMW, wadda masu wasan zamiya da mota suka riƙe hannu bibbiyu. Tana da ƙarfi, tana da daɗin canji, ana kuma samunta da yawa, musamman ta motocin dizal. To a nan ne lambobi suka fara magana. Lambar giya tana nufin sau nawa inji zai juya kafin farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa baya, ta juya sau ɗaya. Ta dizal ɗin nan giyarta ta ɗaya 5.08 ce, ta biyu 2.80, saboda an yi ta ne don injin da ba ya wuce juyi 5,000 da kuma dif, wato akwatin haƙoran da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya, mai doguwar tafiya. A motata giya ta ɗaya za ta zama ado. Ta motocin fetur ta fi dama, ɗayarta na wajen 4.06, amma ta fi wuyar samu.

Biyun da suka hana ni barci su ne CD009 ta Nissan da T56 Magnum ta Tremec.

CD009 ta fito ne a 350Z ta wajen 2005 da 2006. Injin da aka yi ta dominsa murɗawarsa ba ta kai Nm 400 ba, amma masu gyaran mota suka gano cewa an yi mata ƙarfi fiye da buƙatarta nesa ba kusa ba, har ta zama giyar da ake dasawa a bayan kowane irin inji. Zoben sinkironta na giyoyin ƙasa, wanda ke daidaita saurin haƙora kafin giya ta shiga, mai hawa uku ne, ga ta da saukin samu, ga araha idan an kwatanta. Matsalarta ta farko, gidan kulocinta a haɗe yake da jikinta, ba a kwance shi. Ko dai ka sa farantin haɗi tsakaninsa da inji, ko ka yanke shi gaba ɗaya ka ɗaura farantin da zai karɓi gidan tsohuwar otomatik ɗinka. Ta biyu, sandarta tana fitowa can baya sosai, sai an sayi abin matso da ita gaba. Ta uku, duk wadda za ka samu ta hannu ce, an ciro ta daga motar da ba ka san yadda mai ita ya yi da ita ba, kuma 350Z ba motar masu tuƙin lallaɓa ba ce. Akwai kuma tsofaffin samfura irinta sak a ido waɗanda ba su kai ta ba, don haka sai ka karanta lambar da ke jikin akwatin da idonka.

Ita kuwa T56 asalinta ƙirar BorgWarner ce, ta fara fitowa a Dodge Viper a 1992, ta shiga Camaro da Firebird a 1993, daga baya Tremec ta karɓi ƙirar. Magnum jikar waccan ce, an gina ta a kan giyar TR-6060, ana sayar da ita sabuwa fil don masu dashe, kuma kamfanin da kansa ya rubuta cewa tana ɗaukar fam-ƙafa 700, wato kusan Nm 950. A lura, T56 ɗin da aka ciro daga tsohuwar Camaro ba Magnum ba ce, nata ma'aunin bai wuce fam-ƙafa 450 ba, sunan ne kawai ya haɗa su. Laifin Magnum shi ne girma da nauyi, ta haura kilo 60, kuma tsadarta ba ta wasa ba ce. Ƙanwarta TKX, mai hawa biyar, wadda ta fito a 2020, siririya ce, kilo 45, tana ɗaukar kusan Nm 810. Da tsohuwar mota ce mai matsattsen ƙasa da ba na son taɓa jikinta, da ita zan ɗauka. A wurina tazarar da ke tsakanin 750 da 810 ta yi kaɗan, don na san halina, ba zan bar injin nan a inda yake ba.

Abin da ya raba gardamar dai ba ƙarfi ba ne, don ina da yaƙinin dukansu biyun za su iya da injina. Dif ne ya raba ta. Dif ɗin motata gajere ne, lambarsa 4.10, wato farfela tana juyi sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya. Tayata kuma idan ta juya sau ɗaya tana cin wajen mita 2.07. Da waɗannan lambobi biyu da kalkuletar waya mutum zai iya tuƙa kowace giya a duniya yana zaune a kujera.

Giya ta ɗaya a CD009 3.79 ce. A ninka da 4.10, ya ba da 15.5. Ma'ana, ko na kai inji juyi 7,000, motar ba za ta wuce kilomita 56 a awa ba. Ka tuna turbo na ba ya cika sai wajen 4,000. Ke nan da zarar ƙarfi ya zo, taya ta ɓalle, allura ta buga ja, sai canji. Murɗawar da za ta isa tayoyin baya a lissafi ta haura Nm 11,000, abin da babu tayar titin da za ta iya riƙewa. Magnum mai giyoyi kusa da kusa ɗayarta 2.66 ce, a ninka da 4.10 ya zama 10.9, tana kai ni kilomita 80 kafin in taɓa sanda. Wannan giya ce da ake iya amfani da ita, ƙarfin yana da filin miƙe ƙafa. ZF ta dizal ɗin can kuwa da ta tsaya a kilomita 42.

Sai faɗuwar allura idan an canza. Daga ɗaya zuwa biyu a CD009, wato 3.79 zuwa 2.32, juyi 7,000 yana faɗowa wajen 4,300, dab da bakin inda turbo ke fara numfashi. A Magnum, 2.66 zuwa 1.78, yana tsayawa a wajen 4,700, daga biyu zuwa uku kuma a 5,100. Ga mai inji marar turbo wannan bambanci ba zai tayar masa da hankali ba. Ga mai babban turbo shi ne bambancin motar da ke ci gaba da turi bayan canji da wadda ke ɗan yin tunani tukuna.

Ɗaya ƙarshen kuma shi ne doguwar tafiya, wanda masu zumuɗi ke mantawa da shi sai sun hau babbar hanya. Giya ta shida a CD009 0.79 ce. Da dif ɗina, a kilomita 120 inji zai riƙa juyi sama da 3,100, salansa na kuka a kunne, mai na zurarewa. Shidan Magnum 0.63 ce, juyi 2,500 ke nan a gudu ɗaya. Akwai Magnum mai faɗin tazara, 2.97 a ƙasa da 0.50 a sama, amma a injina shidanta za ta sauke allura ƙasa da 2,000, inda babu kowa a gida. Wannan ta manyan injunan V8 ce.

Ba wai CD009 ba ta da kyau ba ne. Dif mai wajen 3.3 ko 3.5 take so, irin wanda aka yi ta da shi. Da na ɗauke ta, sai na canza haƙoran dif, sai farantin haɗi, sai yankan gidan kuloci, sai abin matso da sanda, sai kuma buɗe ta a duba zobunan tunda ta hannu ce. Da na jera waɗannan a takarda, ratar da ke tsakanin kuɗin biyun ta ragu ƙwarai, ko da yake ba ta rufe ba. Wanda motarsa ta riga ta zo da dogon dif, lissafinsa zai fita akasin nawa, kuma in ya ɗauki CD009 ni zan fara ce masa ya yi daidai. Ni dai Magnum na ɗauka, na bar dif ɗina yadda yake.

Wasu za su ce ina giyar tsere, mai ƙugiyoyi a maimakon sinkiro, ko wadda ake ja gaba da baya kawai irin na Quaife da Holinger da Samsonas. Suna da ƙarfi, suna da sauri, kukan miƙaƙƙun haƙoransu ma abin sha'awa ne na minti goma. Amma suna son a riƙa buga su da ƙarfi, suna son a riƙa buɗe su akai-akai, cunkoson titi kuma yana cinye su. Motar da ake ɗauka a tirela zuwa filin tsere ce ke buƙatarsu.

Sayen akwatin shi ne ɓangare mai sauƙi. Na sami gidan kuloci na ƙarfe wanda aka yi don haɗa 2JZ da Magnum, mai shaidar SFI 6.1, irin wanda idan faifan bayan inji ya tarwatse zai riƙe ɓaraguzan. Duk wanda ya lura cewa faifan nan yana juyi 7,000 daidai saitin idon sawunsa ba zai yi rowar wannan ba. Dattijon da ke mini aikin injin yanka ƙarfe ya ƙi yarda a ɗaura giyar sai an auna. Ya manna agogon awo mai allura a bayan karanshaf, bakin allurar na taɓa cikin da'irar gidan kulocin, ya ce in juya inji da hannu a hankali. Na ce, "Baba, ai sabo ne, yanzu na ciro shi daga kwali." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, kwalin ya san injinka ne? Juya." Ina juyawa yana rubuta lamba da alli a sama, da dama, da ƙasa, da hagu. Tsakiyar ta goce da wajen milimita 0.2. Abin da Tremec ta yarda da shi inci 0.005 ne, wajen milimita 0.13. Ba laifin kowa ba ne, tsohon inji ne da sabon ƙarfe, kowanne da 'yar tasa gociyar. Ya cire fegin saiti biyun da ke bayan inji, ya sa waɗanda aka ƙera da ɗan karkata, ya yi ta murɗa su kaɗan-kaɗan yana sake awo har allura ta natsu. Gociyar da ido ba ya gani ita ce ke sa shaf ɗin gaba ya riƙa aiki a tanƙware, ya ci boris, giya ta riƙa ƙin shiga a babban juyi, mai mota kuma ya yi ta zagin akwatin da ba shi da laifi.

Kuloci ma sai da na zauna a kansa. Hanya mai sauƙi ita ce faifai ɗaya da matsi mai tsanani, amma sai feda ta yi tauri kamar me, matsin kuma yana tura karanshaf gaba duk lokacin da ka taka. Na ɗauki mai faifai biyu, wanda ke riƙe murɗawa mai yawa da matsi matsakaici, na kuma nace a kan mai sifirin a tsakiya da fuska mai ɗan laushi. Irin mai tauri ɗin nan na yumɓun wuta, marar sifirin, ba ya san a hankali ba, ko a kame ko a sake, kuma duk fizgar da ya ƙi sha giya da dif ne za su sha ta. Gara mini kulocin da zai ɗan zame a mugun tashi ya ƙone, don canza faifai ya fi canza haƙora sauƙi. Faifan bayan inji kuma ban ɗauki mafi rashin nauyi ba. Da giya ta ɗaya doguwa irin tawa, faifai marar nauyi zai sa motar ta riƙa mutuwa a tashi. Boris ɗin da ke tura kulocin na mai ne, yana cikin gidan, don haka sai an auna ratarsa da yatsun kulocin kafin a rufe, a kuma sa wa feda abin tsayarwa don kada ta tura shi fiye da kima. In ya fashe a ciki, sai an sake sauke giyar gaba ɗaya.

Sauran aikin tarkace ne, amma tarkacen ne ke cin lokaci. Tudun tsakiyar motar sai da ya sha guduma ta ɓangaren sama kafin akwatin ya zauna ba ya taɓa jiki. Sandar tana da wuraren ɗaurawa fiye da ɗaya, muka zaɓi na baya, ta fito kusa da tsohon ramin. An ƙera sabon ƙarfen da ke tallafe da wutsiyar giyar, aka saita shi da ma'aunin kusurwa don karkatar giya da ta dif su yi daidai da juna, kada gaɓoɓin farfela su wuce digiri 3. Farfelar kanta akwai abin lura a kanta, kuma nan ne gajeren dif ɗina ya karɓi harajinsa: a kilomita 200 tana juyi wajen 6,600 a minti, ko a wace giya nake. Doguwar farfela guda ɗaya siririya tana iya fara kaɗawa a irin wannan juyi, don haka na bar tsarin mai gaɓa biyu da boris a tsakiya, aka sake rabin gaban kawai, aka daidaita nauyinta. Sai wayoyi: fitilar ribas, agogon gudu, makullin da ke hana hannu faɗawa ribas lokacin da kake neman ta biyar, da gaya wa ƙwaƙwalwar motar cewa otomatik ta tafi don ta daina nemanta. Man giya kuma a bi abin da mai ƙira ya ce. Magnum siririn mai take sha, irin na otomatik ko nata na musamman, CD009 kuwa GL-4 take so. Zuba mai kauri don wai ƙarfi ya yi yawa ba ya ƙara komai sai taurin canji.

A tuƙi, Magnum ba ta da santsin giyar BMW. Da safe kafin mai ya yi ɗumi ta biyu tana ɗan noƙewa, sandar kuma tana shiga da ƙas-ƙas ɗin ƙarfe wanda wasu ba za su so ba. Idan inji na aiki a tsaye ana jin ɗan kacau-kacau daga ƙasa, wanda ke ɓacewa da zarar an taka kuloci, wannan kuwa halin faifan bayan inji ne marar abin shanye girgiza. A cunkoso ƙafar hagu tana sanin ta yi aiki. Amma a buɗaɗɗiyar hanya, idan na cika ta biyu na jefa ta uku, allura na sauka a 5,100, turbo bai ko lura an canza ba, motar ta ci gaba da turi kamar ba a taɓa katse ta ba.

Na sa an rage iskar turbo a giya ta ɗaya da ta biyu, ba don tausayin akwatin ba. Yanzu abin da ya fi rauni a layin shi ne shaf biyun da ke kai ƙarfi daga dif zuwa tayoyi, da robobin da ke riƙe da dif ɗin, waɗanda suka tsufa har suna barin taya ta yi tsalle a tashi mai zafi. Robobin zan fara canzawa da masu tauri, sannan shaf ɗin, kuma faffaɗar taya ba za ta hau motar nan ba sai an gama da su biyun.